Ruwan da Bai Shiga Motar Burodi Ba

Ni dai bakina ya fi hannuna sauri, kowa a garejinmu ya san haka. Gyaran wutar mota nake yi, shekara goma sha huɗu ke nan, kuma tun da na sayi kwamfutar gwaji aka daina kirana da sunana, aka koma Likita. Da zarar na buɗe ta a kan kujerar mota, na soka igiyarta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, sai ka ga manyan mutane sun yi tsit suna jiran abin da zan faɗa. Ko cewa na yi aljani ne a cikin injin, gyaɗa kai za su yi. Wannan abin ya ɓata ni, ba zan ɓoye ba.

Wata Litinin da hantsi aka jawo motar gidan burodi da igiya. Farar bas ce mai rufaffen baya, wadda ke raba burodi kantuna. Direbanta kuwa ba baƙo ba ne, Dogo ne, mijin Yayata. Yaya ita ta riƙe ni tun ina aji uku bayan rasuwar mahaifiyarmu, a gidan Dogo na girma, shi ya kama hannuna ya kai ni koyon aiki. Shekara goma sha ɗaya yana jan motar nan. Yaya kan yi masa tsiya cewa da motar tana cin abinci, da sai ta ƙoshi kafin a zuba wa yara.

Ya fito daga bayan sitiyari duk ya jiƙe da gumi, ya ce, “Auta, ina cikin tafiya kawai fitilun allon gabana suka kama gaba ɗaya, ta mutu. Na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba.”

Kafin in ba shi amsa sai ga Mai Burodi a tasa motar. Gajere ne mai saurin magana, irin mutanen da ke tambayarka abu suna duban agogo. Ya tsaya a kaina yana huci, burodi ɗari uku na can baya suna gumi a leda.

Na jona kwamfuta. Ta yi ta juya ɗan da’irarta, can ta rubuto cewa ba ta sami hanyar magana da motar ba. Na cire igiya, na hura soket, na mayar. Haka. Na kashe ta na kunna. Haka dai. Wato kwamfuta na sallama, mota ta ƙi amsawa, kuma in babu wannan gaisuwar, Likita da mai faci duk ɗaya suke. Ga makanikai biyu sun bar aikinsu sun zo kallo.

Mai Burodi ya ce, “Likita, me ta ce?”

Kunya ta hana ni cewa ba ta ce komai ba. Sai na zagaya na ɗaga bonet don dai a ga ina wani abu. Injin fes, yana ƙyalli, ko ɗigon baƙin mai babu.

Na ce, “Wa ya wanke injin nan?”

Dogo ya ce, “Ni ne. Jiya da rana.”

“To ai shi ke nan. Ruwa ya shiga ƙwaƙwalwarta.”

Wallahi ban taɓa ko waya ɗaya ba lokacin da na faɗi haka. Ban sa mita ba, ban kwance komai ba. Magana ce ta fita don ta rufa mini asiri na minti biyar.

Mai Burodi ya juya ya dubi Dogo tun daga sama har ƙasa, da yake sai ya ɗaga kai kafin ya ga fuskarsa. Ya ce, “Sau nawa na ce ka bar zuba wa injin nan ruwa? Kawo makullin.” Ya karɓa ya danƙa mini. “Je ka gida ka zauna. Likita zai bincika. In ya tabbatar ruwa ne, to kada ka wahalar da kanka ka dawo.”

Dogo bai yi musu ba. Ya dai shafa ƙofar motar, ya ce mini, “Ka lallaɓa ta, Auta,” ya kama hanya a ƙafa.

Da suka watse na fara aikin da ya kamata in fara da shi. Na duba batir, lafiya lau. Na bi fiyus ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ƙone. Na gwada soket ɗin kansa, wuta na zuwa yadda ya kamata. Na ce ko igiyata ce ta mutu, na kai kwamfutar kan wata tasi da ke gefe, nan take suka hau hira kamar tsofaffin ƙawaye. Laifin ba daga wajena ba ne ke nan, ko kuwa haka na gaya wa kaina. Da la’asar na kwance ƙwaƙwalwar injin, ɗan akwatin ƙarfen da na ɗora wa laifi, na buɗe ta a kan tebur. A bushe take ƙayau, har da ’yar ƙura a bakin murfi. Ruwa bai taɓa ganin cikinta ba.

A nan ya kamata in ɗauki waya in kira Mai Burodi. Sai na ce bari in gano ainihin matsalar tukuna, don kada in je da rabin magana. Ka ji wayon mara gaskiya.

Motocin yanzu ba ƙwaƙwalwa ɗaya gare su ba. Injin na da tasa, birki na da tasa, giya da allon gaban direba ma haka, kuma dukansu ta wasu siraran wayoyi biyu da aka murɗe tare suke magana da juna. Ta nan kwamfutata ma ke shiga ta yi tambaya. In ka cire kan batir ka ɗora mita tsakanin wayoyin nan biyu, sittin ya kamata ta nuna. Ranar Talata da safe na ɗora. Ta nuna kusan sifili. Ma’ana wayoyin sun haɗe a wani wuri, kowa na magana ba mai jin kowa.

Na hau cire ƙwaƙwalen ɗaya bayan ɗaya ina duba mita. Na cire ta birki, sifili. Ta giya, sifili. Na kwanto allo gaba ɗaya, sifili. Na shiga ƙarƙashin mota na bi damin wayoyi har baya, na ɗaga kujeru, na yaye kafet, na zagi ɓeraye da kakanninsu, na yi wa mai walda masifa don ya ari filayata bai faɗa ba. Wuri ɗaya ne ban duba ba, bayan murfin roba da ke ƙarƙashin sitiyari, taƙi ɗaya daga soket ɗin da nake ta sokawa. Ba mantawa na yi ba. Tun da mita ta nuna sifili na san inda zan duba, na bi ko’ina ban da nan.

Ranar Laraba da rana Yaya ta zo garejin da kanta, abin da ba ta saba ba, ɗauke da kwanon abinci. Ta sami benci ta karkaɗe ta zauna, ta dube ni.

“Dubi yadda ka koma, kamar wanda aka tono. Zo ka ci.”

Na ce, “Yaya, ai da kin aiko.”

“In aiko wa? Ni magana ta kawo ni. Mutumin nan kwana biyu bai ci abin kirki ba. Yana zaune a ƙofar gida tun safe, sai ya ce shi ya kashe ta da hannunsa. Na ce masa mota ce fa, ba mutum ba. Ya ce ba zan gane ba.” Ta gyara mayafinta. “Auta, in da yadda za ka sassauta maganar wajen maigidansa, ka sassauta. Ban ce ka yi ƙarya ba. Yara huɗu ne a makaranta, ka sani.”

Na ce, “Ina kai, Yaya.” Na ci loma uku na rufe kwanon.

Tana fita na ɗauki sukudireba na kwance murfin nan. Sukurori huɗu ne kacal. Na haska tocila, sai ga shi yana kallona: salatef ruwan ɗorawa, an ninke bakinsa don a ji daɗin warewa. Duk garin nan ni kaɗai nake naɗi haka.

Wata takwas kafin nan, Mai Burodi ya kira ni gefe ya ce yana son in saka masa tiraka a motar, ’yar na’urar nan da ke nuna wa mai mota a wayarsa duk inda aka je da man da aka sha. Ya ce yana zargin ana kauce hanya da motarsa, kuma ba ya son direba ya sani. Na san wane ne direban. Na ce to. Na gaya wa kaina ai in ban yi ba wani zai yi. Ranar da Dogo ya kawo motar canjin fitila, na ce ya je ya ci abinci, ni na tura shi da bakina. Minti ashirin gare ni. Na feƙe wayoyin maganar nan biyu dab da juna, na murɗa na tirakar a kai, ban tsaya narka dalma ba don kada ya dawo ya ji ƙauri. Na naɗe da salatef, na mayar da murfi, ya dawo ya tarar ina goge hannu, har ya kawo mini lemo mai sanyi.

Wata takwas na zafi da jijjiga sun narkar da ƙaron salatef ɗin, ya zame, tsiraicin wayoyin biyu ya haɗu. Shi ke nan ciwon. Na raba su da ɗan yatsa, na duba mita: sittin cif.

Gyaran bai ci minti goma ba. Na yanke, na haɗa da dalma, na sa wa kowace rigarta, na mayar da duk abin da na kwance. Na jona kwamfuta, kafin in gyara zama ta jero mini injin, birki, giya, allo, kowa ya amsa. Na murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya. Makanikai suka yi ta tafi suna cewa Likita ba dama. Ni kuwa ji na yi kamar in shige ƙarƙashin motar kada in fito.

Ko awa ba a yi ba Mai Burodi ya kira, don tirakar ta farfaɗo a wayarsa.

“Likita, na ga ta tashi. Ruwan ne ko?”

Ga tambaya a fili, ba kwana-kwana. Amma in na ce ba ruwa ba ne, zai ce to mene ne. In na ce aikina ne, sunan Likita ya zube a gareji. Wannan ma mai sauƙi ne. Maganar za ta kai kunnen Dogo, daga nan ta kai na Yaya, ta ji cewa yaron da ta goya ya tura mijinta cin abinci don ya ɗana masa tarko.

Na ce, “Ranka ya daɗe, na dai bi komai na share na busar. Yanzu lafiya lau take.”

Ya ce, “Na gane,” ya kashe.

Na ce wa raina ai ban ce ruwa ba ne. Na ce gobe in ya huce zan je in roƙa wa Dogo, a wuce wurin ba tare da an tona komai ba. Mutum in yana son yaudarar kansa ba ya rasa hanya.

Ranar Alhamis da safe wani mutum mai furfura a gemu ya yi sallama, ya ce Mai Burodi ne ya turo shi ɗaukar mota, shi ne sabon direba. Mutum mai ladabi, har da rusunawa. Ya shiga ya zauna, ƙafarsa ba ta kai ga birki ba. Ya ja kujerar gaba, ta ƙi motsi. Shekara goma sha ɗaya tana can ƙarshen baya inda Dogo ya ajiye ta, tsatsa ta ci ƙarfen a wurin. Ni na kawo mai na ɗiga, na dafa muka tura tare har ta matsa. Sannan ya tattaro kayan da ya gani ya zuba a leda, matashin da Yaya ta ɗinka, da tawul, da tabarau mai karyayyen hannu, ya miƙo mini.

“An ce kai surukinsa ne. Don Allah ka ba shi, ka ce ya yi haƙuri.”

Ledar nan ta yini a kan teburina. Duk inda na juya ina ganinta. Na ƙona fiyus biyu a motar wani, na yi faɗa da mutum uku a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Washegari da sassafe na tafi gidan burodi. Na sami maigidan a ofishinsa mai ƙanshin yis, na ƙi zama, na faɗa masa komai a tsaye, tun daga bushewar ƙwaƙwalwa har salatef. Na ce in akwai wanda za a hukunta ni ne, ya daina kawo mini aiki, ya faɗa wa duk wanda ya ga dama, amma ya mayar wa Dogo makullinsa.

Ya daɗe yana kallona.

Ya ce, “Ranar Laraba na tambaye ka. Da bakina na tambaye ka.”

“Haka ne, ranka ya daɗe.”

“Da ka ce a’a, da Alhamis yana kan hanya. Yanzu wancan bawan Allah ya ajiye aikinsa na tasi ya zo nawa, da iyalinsa, na ba shi magana a gaban mutane. In kira shi in ce masa me? In ce Likita ya canza ra’ayi?” Ya jawo wayarsa ya jefa kan tebur. “Ka san abin haushin? Wata takwas ina bin surukinka a wayar nan. Ko sau ɗaya bai kauce hanya ba. Har kunyar kaina na fara ji.”

Na ce, “To ai kuwa...”

“Ba to ai kuwa. Kai ka ce ruwa, ni kuma na yarda da kai, don kai ne mai kwamfuta. In Allah ya hore mota ta biyu zan neme shi. Ban ce maka yaushe ba.” Ya duba agogo. “Ja mini ƙofar in ka fita.”

Da yamma na ɗauki ledar na nufi gidan Yaya. Dogo na zaune a kan dakalin ƙofar gida, gwiwoyinsa kusan a haɓarsa, ya rame a kwana biyar. Na gaishe shi, na ajiye ledar a gabansa. Ya leƙa, ya ciro tabaran ya juya shi, ya mayar.

Na durƙusa na ce, “Yaya Dogo, ba ruwa ba ne.”

Na faɗa masa duka, ban rage ba, har da lemon da ya kawo mini. Ban iya kallon fuskarsa ba, silifas ɗinsa nake kallo. Da na gama na jira ya mare ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi.

Ya ce, “Tirakar ai na san da ita.”

Na ɗago.

“Tun makon da ka sa. Biro ya faɗi mini ƙarƙashin sitiyari, na leƙa na ga bakin salatef ya leƙo ta gefen murfi. Auta, fankar ɗakinmu, dutsen guga, rediyon Yayarka, duk da irin naɗin nan ka naɗe su. Zan kasa gane hannunka?”

“Me ya sa ba ka yi magana ba?”

“In ce me? Maigida ya sa ka aiki ka yi. Ni kuma ba inda nake zuwa. Na dai ji ciwo kwana biyu, ya wuce. Yayarka ban faɗa mata ba, ba ta da ƙarfin jin wannan.”

Na ce, “Amma da na ce ruwa ne, ba ka yi zargin...”

“Zargin me? Kai ne masani. Ka ce ruwa, na ce ruwa ne.” Ya sunkuyo kusa da ni, muryarsa ta yi ƙasa. “Tsaya in tambaye ka. Ka tabbata? Wankin da na yi bai taɓa ta ba ko kaɗan?”

“Ko ɗigo bai shiga ba, Yaya Dogo. A bushe na same ta.”

Ya jingina da bango, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya shafa fuska da hannu biyu.

“Alhamdu lillahi. To ba ni na kashe ta ba.” Har da ɗan murmushi. “Ka gaya wa sabon direban, ba ta son a taka ta da sanyin safiya, ya bar ta ta ɗumama.”

Daga cikin gida Yaya ta ɗaga murya tana tambaya ko muryar Auta take ji, mu shigo abinci na hucewa. Dogo ya miƙe, ya ɗauki ledarsa, ya ce in share fuskata kafin mu shiga. Yaya ta ajiye mana kwano ɗaya, ta ce ta ji har gidan burodi na je da sassafe saboda mijinta, Allah ya yi mini albarka, ko ba a dace ba na yi abin da ɗan’uwa ke yi. Sannan ta sa cokali ta turo babbar tsokar gabana, kamar yadda ta saba tun ina aji uku. Dogo na ta cin abincinsa, bai ɗago ba.